Masar Hantsin Lahadi a Warsan

Lahadin da ta wuce wasu 'yan mata biyu, ɗalibai, suka tsaya a bakin tagar kicin suna ɗauka ta da waya ina juya masa. Na ji ɗaya tana ce wa 'yar'uwarta, "Ai wannan ba wuya, ƙullu ne da mai. Mu ma mu nemi wuri mu buɗe." Ban tanka musu ba, don idan tanda tana kan wuta ba a hira. Amma yau Litinin ce, hannuna a sake yake. Ku matso, in ba ku labarin neman wurin nan da kuke faɗa kamar sayen katin waya.

Sunana Hajara, 'yar Bauchi ce ni. A hannun Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, na koyi masa, a rumfarta da ke bayan tasha. Na daɗe a wurinta kafin ta bar ni na taɓa tanda. Aikina wankin shinkafa, kai niƙa, fere kabewa, tsince alayyafo. Da safe kafin a hura wuta sai ta ce, "Hajara, kara kunnenki a bokitin nan." Ƙullun da ya tashi yana da wani ɗan sauti, kamar yayyafi a kan kwano daga nesa. Idan shiru ne bai kai ba. Idan kuma warin tsami ya riga sautin zuwa hancinki, ya wuce, sai a nemi ruwan kanwa a lallashe shi. Ranar da ta fara miƙo min cokalin juyi, masa huɗun farko duk sun fashe a hannuna. Ta sa na cinye su a tsaye, ta ce in ji abin da na so in sayar wa mutane.

Mijina, Malam Garba, shi ya riga ni zuwa Dubai. Yana aiki a wani sito na kago, inda ake ɗaure kayan 'yan kasuwa a tura Kano. Da ya yi min biza zan taho, Gwaggo ta naɗe min tandarta ta ƙasa a tsohon zane. Tanda ce da ta sha mai shekara da shekaru har ta yi baƙi tana sheƙi, ko ruwa ka zuba a raminta sai ya zame. A kan cinyata na riƙe ta har jirgi ya sauka.

Aikina na farko a unguwar Naif ne, a wani gidan abinci da ke saman bene, cikin lungun masu takalma da jakunkuna. A can garin nan ya sake koya min sana'ar daga tushe. Shinkafar nan doguwa ta biryani ba ta yin masa, ƙullunta kamar yashi yake. Sai da na bi shaguna ina tauna ɗanyar shinkafa da haƙori kafin na samu gajera mai danƙo wadda ta yi kusa da ta tuwo. Ruwan famfo kuma a lokacin zafi da ɗuminsa yake fitowa, ko ka buɗe ɓangaren sanyi. Ka jiƙa shinkafa da shi, ƙullu ya yi tsami kafin ka shirya. Ka ajiye shi a gaban na'urar sanyi, ya kwanta ya ƙi tashi. Akwai wani lungu tsakanin firji da bango, ba zafi ba sanyi, nan ne makwancin bokitina har na bar gidan.

A lokacin Juma'a ce ranar hutu a ƙasar nan. Tun hantsi benen yake cika, a sauka a je masallaci, a dawo a sake cika shi. Alhazan Kano da suka zo saro, da ma'aikatanmu masu albashi, da ɗalibai. Na san wanda yake son masarsa ta ƙone a baki-baki, na san wadda ba ta cin miyar taushe sai da ƙuli da yaji. Ana hawa bene ina jin murya, ina zuba wa mutum tasa kafin ya zauna.

Sai ga wata shekara da ba na mantawa. Aka mayar da hutu Asabar da Lahadi. Ma'aikata suka koma ofis ranar Juma'a, daga masallaci sai aiki. Muna cikin wannan, biza ta yi wa mutanenmu wuya, 'yan kasuwa suka daina sauka. Lungun da ba ka iya wucewa sai ka goge buhun wani, ya zama kana jin takun ƙafarka. Mun gwada Lahadi, amma masu albashi ba a Naif suke kwana ba, kuma ba mai tuƙo mota ya zo ya yi ta zagaye yana neman wurin ajiye ta saboda masa. Wata rana mai gidan abincin ya tara mu ya ce ya sallama wurin. Na wanke tandata, na naɗe ta, na sauko.

Kago ma ya ja baya, tunda ba mai saye balle a tura. Malam ya dube ni wata safiya ya ce, "Hajara, idan hayar ɗakin nan ta ƙare, gida za mu. Ba zan sabunta ba."

Na ce, "Malam, ka bar ni zuwa lokacin. In ban samu inda zan ɗora tanda ba, ni zan ɗaure kayan da hannuna."

Ya ce, "Allah Ya ba da sa'a."

Mutane da yawa sun ce min in riƙa soyawa a ɗaki ina aikawa. Ban yarda ba. A garin nan ba a sayar da abinci sai daga kicin mai lasisi, kuma ni ban zo da girmana in riƙa leƙen taga duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa ba. Wadda ta buɗe min ido wata nas ce, Binta, tsohuwar mai cin masata tun a Naif. Ta kira ni ta ce, "Inna, mu fa yanzu Lahadi barci muke har hantsi, mu tashi da yunwa, mu je a ba mu ƙwai da burodi da wani ganye a ce brunch. Wallahi ba ma ƙoshi. Yawancinmu a wajen unguwar Warsan muke. Ki samu wuri kusa da mu, ni zan kawo miki mutane."

To, nan aikin ya fara. Ba wurin da zan buɗe nake nema ba, ba ni da ƙarfin wannan. Kicin ɗin wani nake nema, wanda yake da lasisi, wanda wutarsa take zaune ba aiki da hantsin Lahadi, kuma mai shi zai yarda da baƙuwa da bokitinta.

Wurin farko Binta ce ta kai ni, a unguwar Al Quoz, wani tsohon sito da aka gyara aka mayar gidan shan kofi, da shuke-shuke a rataye. Manajan yaro ne mai ladabi, ya ɗanɗana masar da na kai masa, ya ce zai so. Ya shigar da ni kicin. Tsaf-tsaf, sai ƙyalli. Na duba, na duba, na ce, "Ina wutar?" Ya nuna min wani baƙin gilashi shimfiɗe, na lantarki, ba harshen wuta. Tandar ƙasa gindinta ba a daidai yake ba, sai wuta ta lashe ta ta kowane gefe. Na gode masa, muka fito.

Daga nan na daina bin wuraren da aka kwatanta min. Kowace Lahadi sai in hau bas da hantsi, a daidai lokacin da zan yi aikin, in sauka a Warsan in bi layi-layi da ƙafa. Kada ku je duba wuri da yamma idan da hantsi za ku yi sana'a. Wurin da yake da inuwa da la'asar, da hantsi rana tana iya dukan gilashinsa har ba mai iya zama. Kuma ban taɓa shiga ta gaba ba sai na zagaya baya tukuna. A baya ake ganin gaskiyar gidan abinci. In na ga bokitin shara a buɗe, ko jarkar tsohon mai baƙi ƙirin a jingine ana jiran a sake juye ta a kasko, ba na ma yin sallama. Wani mai shawarma ya yi min maraba sosai, amma hayaƙin kicin ɗinsa a kan masu cin abinci yake sauka. Wani wurin ya yi kyau, da wuta da komai, sai dai tebur biyu ne a bakin titi, ba inda mace za ta zauna da 'ya'yanta. Wani kuma da ya ji shinkafa za ta kwana a jiƙe a kicin ɗinsa, ya ce, "Khalas, a bar maganar, Mama, ba na son matsala."

Zafi ya shigo sosai. Takalmina ɗaya ya tsinke a hanya. Malam ya daina tambayata yadda aka yi, in na shigo sai ya miƙo min ruwa kawai.

Wata Lahadi ina bin bayan wani layin shaguna, kusa da wani ƙaramin masallaci, sai na ji ƙara. Gurr, gurr, a hankali, dutse a kan dutse. Na tsaya cak. Wannan sautin niƙan jiƙaƙƙiyar shinkafa ne, ba zan kasa gane shi ba ko a ina. Na leƙa ta ƙofar baya. Injin niƙa ne na mutanen Indiya, tukunyar ƙarfe da duwatsu biyu suna juyawa a ciki, farin ƙullu yana zagaye. Ƙasan kicin ɗin a wanke, shara a rufe, man da ke kasko ana ganin gindinsa. Na zagaya gaba. Tebura a ciki, labule ya raba ɓangaren iyali, fili a gefen masallaci inda motoci za su tsaya, kuma benen da ke gabas ya tare rana. Mutum biyu kacal ke shan shayi.

Mai wurin sunansa Hamza, mutumin Kerala ta ƙasar Indiya, dattijo mai furfura a gemu. Yaransa suna ce masa Ikka, wato yaya, ni ma haka na kama kiransa. Larabcina guntu-guntu, nasa ma haka, sauran da hannu muka ƙarasa. Na nuna injin na ce, "Mu ma muna yin wannan." Bai yarda ba sai da na tsoma yatsa a ƙullunsa na ɗanɗana, na ce masa na jiya ne aka haɗa da na yau. Ya yi dariya har ya dafa bango.

Ya ce mutanensa da sassafe suke karyawa su tafi, daga nan har azahar wuta a kashe take. Na ce wannan lokacin nake so. Ya ce, "Mama, wata ɗaya. In mutanenki sun zo, mu ci gaba. In ba su zo ba, ba faɗa. Amma ba za ki taɓa cokali ba sai takarda ta fito." Katin lafiyata na masu abinci yana nan bai mutu ba. Takardar aikin ce aka sha wuya kafin ta fito, har hayarmu ta kusa ƙarewa.

Lahadin farko Binta ta cika alkawari. Ta zo da abokan aikinta, wani injiniya ya zo da matarsa da surukarsa, tebur uku suka cika. Ƙullu ya tashi yadda nake so, don injin Hamza ya fi duk wanda na taɓa amfani da shi laushi. Miyar taushe ta nuna. Na ɗora tanda a kan murhun da suke suyar kifi, mai wuta kamar ta maƙera. Na rage ta iya ragewa, na shafa mai, na zuba zubin farko. Ina cikin juya masa ta biyu sai na ji ƙas. Tandar Gwaggo ta rabe gida biyu a kan wuta, mai ya zuba, wuta ta tashi.

Hamza ya kashe gas. Ta taga ina hango Binta tana raba wa mutane cokula.

Ba lokacin tsayawa kallo ba ne. Na ce, "Ikka, kasko mai rami, akwai?" Na yi masa alama da hannu. Ya hau kujera ya sauko da wani kaskon ƙarfe da suke soya wani abin zaƙi nasu, ramukansa ƙanana kamar na dara. Da shi na ciyar da mutane ranar. Masar ta fito dunƙule-dunƙule, cikinta ya nuna, ɗanɗano yana nan, amma ba faɗi, ba bakin nan mai ƙaras-ƙaras. Surukar injiniyan, tsohuwa 'yar Azare, ta ɗaga ɗaya ta juya ta, ta ce, "'Yar nan, ƙullunki ya yi. Amma wannan ƙwan zabo ne, ba masa ba."

Na ce, "Gaskiyarki, Hajiya. Ki ba ni mako biyu ki dawo."

Hamza ya ce a ci gaba da kaskonsa, ai an cinye. Na ce masa a'a. Wanda ya ci sau ɗaya don kara ba zai dawo na biyu ba. A aiko da tanda daga gida kuma babu mai tahowa, jiran kago zai cinye watan gwajin gaba ɗaya.

Washegari na ɗaure ɓarin tandar biyu a zane na ce wa Malam ya raka ni Al Quoz, wajen masu aikin ƙarfe, tunda ya san lungunan. Shago uku suka ce ba sa irin wannan. A na huɗu wani Bapakistane ya haɗa ɓarin biyu a kan tebur, ya auna faɗin ramin da zurfinsa, ya ce zai ƙera min irinta da fallen ƙarfe mara kauri. Na ce ban yarda ba, mai kauri nake so, wanda zai riƙe zafi kamar ƙasa. Ya ce zai yi nauyi. Na ce ba a kai zan ɗauka ba. Na sa yatsa na nuna masa yadda ramin yake gangarawa a hankali, ba kamar kofi ba, don cokali ya samu hanyar shiga ƙarƙashi. Na farkon da ya buga ya yi zurfi, na mayar masa. Ya kalli Malam ya ce, "Matarka injiniya ce?" Malam ya ce, "Ka dai yi mata yadda ta ce, mu samu mu tafi."

Sabon ƙarfe ba ya karɓar ƙullu, kamawa yake. Lahadi ta biyu da kaskon Hamza na sake yi, mutane suka ragu, tebur ɗaya da rabi. Duk satin nan kullum bayan azahar ina bayan kicin ina horar da sabuwar tanda. A shafa man gyaɗa, a ƙona, a goge da ɓarin albasa, a bari ta huce, a sake. Ina zuba ragowar ƙullu ina gwadawa, yana kamawa ina kankarewa. Hannuna duk ya yi tabon mai. Ran Juma'a da yamma na zuba, na jira bakin ya yi ja, na sa cokali, sai masa ta juya da kanta kamar an tura ta. Na kira Hamza na ba shi. Ya ci, ya shiga ciki, ya dawo da miyar kifinsu ta kwakwa ya tsoma sauran. Ya ce, "Yalla, Mama, mu je zuwa."

Lahadi ta uku tsohuwar Azare ta dawo. Ta gutsura, ta tauna, sai ta ce wa surukinta a ƙulla mata wata a leda ta tafi da ita. Binta ta ɗauki hoto ta watsa a wayoyinsu. Wani dattijo cikin mutanen Hamza, direban babbar mota da ke zuwa shan shayi, ya ga abin da ake ci ya ce a ba shi da miyar kifi.

Lahadi ta huɗu ita ce ƙarshen gwaji, kuma a satin ne wakilin mai ɗakin da muke haya yake jiran amsar Malam kan sabunta hayar. Tun kafin in gama haɗa miya motoci suka fara tsayawa a gefen masallaci. Ɓangaren iyali ya cika, aka fito da kujerun roba. Wasu suna cikin mota suna danna ham, yadda ake yi wa masu shayi a garin nan. Na ji Hausar Kano, ta Sakkwato, ta Damagaram, har da wasu 'yan Kumasi. Ban ɗaga kai ba. Shafa, zuba, juya, kwashe. Hamza da kansa yake ɗaukar faranti, yana ce wa masu jira, "Shwayya, shwayya, a hankali, habibi, Mama hannu biyu gare ta."

Kafin kiran azahar ludayi ya fara karo da gindin bokiti. Hamza ya leƙo, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce, "Mama, sati mai zuwa shinkafa ninki biyu. Kuma Asabar ma, in za ki iya."

Sai ga Malam ya shigo ta ƙofar baya. Bai taɓa zuwa wurin ba sai ranar. Ya tsaya yana kallon faranti da aka tara a wurin wanki, ya kalli mutanen da ke waje. Ya ce, "To, ni fa? Tun safe ban karya ba."

Na karkata bokiti na kankare shi da ludayi. Abin da ya fito bai wuce rami biyu ba. Ina cikin soyawa sai direban nan dattijo ya leƙo ta taga da farantin miyar kifinsa a hannu, ya makara, yana nuna tanda yana cewa, "Masa, Mama, masa."

Na kwashe biyun, na tsaya da su a cokali, ina duban wannan ina duban wancan.

Malam ya ce, "Ba shi, Hajara. Baƙo ne. Ni ina nan Lahadi mai zuwa."